Fad Ɗina Ya Fara Jan Gefe: Yadda Na Bi Gyaransa a Hannun Kamfani

Duk wanda yake wasan bidiyo da fad, wato abin riƙewa a hannu da ake sarrafa wasa da shi, ko ba daɗe ko ba jima sai ya gamu da matsalar jan sanda, inda ɗan wasan da ke kan allo zai riƙa tafiya, ko kyamara ta riƙa juyawa, alhali babban yatsan mutum bai ko taɓa sandar analog ba. Ni na gamu da ita a fad ɗin da na saya sabo, yana cikin garanti, kuma na bi hanyar gyaran kamfanin da ya ƙera shi tun daga saƙon farko har ranar da aka dawo mini da kwali. Hanyar ba ta da wuya, sai dai babu wanda ya jera mini ita, don haka kowane mataki sai na isa bakinsa nake sanin abin da ake bukata a wurina. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin tsarin manyan kamfanonin ya yi kama da juna, kuma waɗanda zan ambata a gaba na ambace su ne kan abubuwan da duniya ta riga ta sani.

Abin ya faro ne a hankali. A jerin zaɓuɓɓukan wasa na fara lura da shi: zan tsaya a kan abu guda, sai alamar ta haura na samansa da kanta, in dawo da ita, ta sake haurawa. Na ɗauka wasan ne yake da matsala. Daga baya, a wasan harbi, sai saitin bindiga ya riƙa zamewa hagu a hankali duk lokacin da na saki sandar dama, kamar motar da sitiyarinta ke jan gefe, wadda dole direba ya riƙa tanƙwaro ta ko da a miƙaƙƙiyar hanya. Abin da ya fi damuna shi ne matsalar ba ta zauna wuri ɗaya ba. Wata rana fad ɗin zai yi aiki lafiya lau daga farko har ƙarshe, wata rana kuma minti kaɗan da farawa sai ya rikice, kuma wannan zuwa da dawowar shi ne ya zo ya ba ni wahala a wajen masu gyara.

Kafin in tuntuɓi kowa, na so in tabbatar cewa laifin na fad ne. Na gwada shi a wasu wasannin, na haɗa shi da na'urar wasan ta wayar caji maimakon ta iska, na kuma ari wani fad na gwada a kan na'urar, aka ga wancan bai ja ko'ina ba. Sannan na jona nawa da kwamfuta na buɗe ɗaya daga cikin shafukan gwajin fad da ke intanet, waɗanda suke nuna matsayin kowace sanda da lambobi, daga ɗaya a wannan gefe zuwa ɗaya mai alamar ragi a wancan gefe, sifili kuma a tsakiya. Sandar da ke da lafiya idan aka sake ta, lambarta takan tsaya dab da sifili. Ta hagu haka ta yi. Ta dama kuwa lambarta ta riƙa rawa, ta matsa ta dawo, wani lokaci ta tsaya can nesa da tsakiya ta ƙi komawa sai na ɗan taɓa ta. Na ajiye fad ɗin a kan tebur, na janye hannuwana gaba ɗaya, na ɗauki bidiyo da wayata wanda ya haɗa fad ɗin da allon kwamfutar a hoto guda, sannan na juya bayansa na nuna lambar siriyal kafin in tsayar da ɗauka. A lokacin na yi hakan ne don kawai in sami abin nunawa idan an tambaya. Wannan bidiyon ne ya zama takardata mafi ƙarfi a duk tafiyar.

Akwai wani abokina da ya san aikin lantarki, na kai masa fad ɗin da niyyar ya buɗe ya share. Da ya ji yana cikin garanti, sai ya ce, “Malam, ajiye sukuddireba tukuna, bari in nuna maka a wani.” Ya ɗauko wani tsohon fad da ya riga ya mutu, ya kwance shi, ya cire hular sandar. A ƙarƙashinta akwai ɗan akwatin ƙarfe mai kusurwa huɗu, an like ƙafafunsa da dalma a jikin allon lantarki, kuma a gefensa biyu akwai wasu ƙananan fayafayai na roba, ɗaya na auna sama da ƙasa, ɗaya na auna hagu da dama. Ya ɓalle ɗaya da bakin allura. A ciki akwai siririn layi baƙi na kabon mai siffar baka, da wani ɗan harshen ƙarfe da ke gogar layin duk lokacin da sanda ta motsa. Inda harshen ya tsaya a kan layin shi ne yake sauya ƙarfin wutar da ke fita, kuma da wannan ne fad yake sanin inda sanda take. Ya ɗaga faifan zuwa haske, na ga layin ya sami kwari a tsakiya inda gogar ta fi yawa, ga kuma baƙin gari da ya taru a gefe. Ya ce ko mutum ya kiyaye fad ɗinsa daga ƙura iya kiyayewa, wannan garin daga ciki yake fitowa, kuma ban da shi akwai sifirin da ke mayar da sanda tsakiya, wanda shi ma yake saki da daɗewa.

Wannan ya dace da abin da shafin gyare-gyare na iFixit ya wallafa a shekarar 2021, lokacin da suka kwance DualSense, fad ɗin na'urar PlayStation 5 ta Sony, suka sami sandar kamfanin ALPS a ciki, irin wadda ake samu a DualShock 4 na PlayStation 4 da fad ɗin Xbox One da Pro Controller na Nintendo. Takardar bayanan sandar ta nuna an ƙiyasta mata juyi miliyan 2, kuma da suka yi lissafi da irin motsin da ake yi a wasan harbi, sai suka ga hakan zai iya ƙarewa cikin sa'o'i 417 na wasa. Ƙiyasi ne, ba hukunci ba, akwai fad da ke wuce haka nesa, amma ya isa ya nuna cewa ɓangaren na cinyewa ne tun daga ƙira. Game da buɗewa kuwa, a Amurka hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta rubuta wa wasu kamfanoni gargaɗi a shekarar 2018 cewa sitikar da ke cewa garanti ya ɓaci idan an ɓare ta ta saɓa wa dokar garanti ta 1975. Amma wannan doka ce ta ƙasa guda, kuma ko a can kamfani yana da damar ƙin gyara idan ya nuna cewa buɗewar ce ta jawo ɓarnar. Ban ga dalilin ba su hujja a kaina ba, don haka na bar fad ɗin a rufe. Iyakar abin da na yi shi ne goge gindin sandar daga waje da busasshiyar auduga, ban fesa masa komai ba.

Wurin da na fara zuwa shi ne wajen waɗanda suka sayar mini. Suka duba rasit, suka ce wa'adin da suke karɓar kaya su musanya ya wuce, abin da ya rage tsakanina da kamfani ne. A nan na fahimci cewa abu biyu ne mabambanta da mutane suke haɗawa: akwai alhakin mai sayarwa, akwai garantin mai ƙerawa, kuma dokar kowace ƙasa ce take fayyace iyakar kowanne. A ƙasashen Tarayyar Turai, alal misali, mai sayarwa ne yake ɗauke da alhakin kayan da suka zo da aibi har tsawon shekara 2 aƙalla, yayin da a wurare da yawa garantin kamfani na shekara ɗaya ne kawai abin dogaro. Tsawon garantin ma bai zama ɗaya ba ko a cikin kayan kamfani guda. Sai a watan Oktoba na 2020 Microsoft ta tsawaita na fad ɗinta Elite Series 2 daga kwana 90 zuwa shekara ɗaya. Ban fita daga wurin masu sayarwar hannu rabbana ba, domin na roƙe su suka sake buga mini cikakken rasit mai ɗauke da sunansu da kwanan watan ciniki da sunan kayan, kuma wannan ya zo ya yi mini rana.

Daga nan na koma shafin tallafi na kamfanin. Sai da na buɗe asusu, na yi wa fad ɗin rajista da lambar siriyal, wadda aka buga da ƙananan haruffa a bayansa har sai da na ɗauki hotonta na faɗaɗa kafin in iya bambance sifili da harafin da ke kama da shi. A wasu fad ɗin lambar tana cikin ramin batir ne. Shafin ya tambaye ni ko fad ɗin shi kaɗai na saya ko tare ya zo da na'ura, domin wanda ya zo tare da na'ura garantinsa yana bin na na'urar, kuma lambar na'urar za a nema. Ya kuma tambayi ƙasar da aka saya, tambayar da ta fi yadda take a ido nauyi, saboda garanti yakan tsaya ne a yankin da aka sayar da kaya, kuma wanda ya saya a wani yanki ya koma wani, ko aka kawo masa tsaraba, zai iya samun kansa yana da garanti a takarda amma babu cibiyar da za ta karɓa a inda yake zaune. Bayan na cika wannan, sai aka haɗa ni da manhajar hira mai amsa da kanta, wadda ta riƙa maimaita mini shawarwari iri ɗaya, har sai da na nemi a haɗa ni da ma'aikaci. Na jira a layi na wani lokaci mai tsawo, shafin yana nuna mini yawan mutanen da ke gabana.

Ma'aikaciyar da ta amsa ta yi mini magana cikin ladabi, amma ta bayyana cewa ba za ta iya buɗe fayil ɗin gyara ba sai na bi jerin gwaje-gwajen da aka tsara mata, ko da na riga na yi su. Ta sa na sabunta manhajar na'ura da ta cikin fad, na kashe shi na danna ɗan maɓallin da ke mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta, na cire shi daga na'ura na sake haɗawa, sannan na daidaita sandar a shafin saiti. Na ji haushin maimaitawar a raina, amma daga baya na ga suna da hujja, domin akwai jan da ke fitowa daga saiti ko daga manhaja, wanda ba ya bukatar aika komai ko'ina. Da muka gama jan yana nan, sai ta ba ni lambar ƙorafi ta ce in tura hoton rasit ta imel. Na roƙe ta ta rubuta a cikin fayil ɗin cewa matsalar tana zuwa tana ɗaukewa, kuma ina da bidiyo. Ta ce ta rubuta. Kafin in rufe shafin na adana dukkan hirar, domin da zarar an rufe ba ta sake bayyana.

Takardar da na fara turawa ita ce saƙon tabbatar da ciniki da aka aiko mini ranar da na saya, tunda shafin bai fayyace irin shaidar da yake so ba. Bayan 'yan kwanaki aka amsa cewa ba ta wadatar ba, saboda babu cikakken sunan kayan a jiki, lambar oda ce kawai da jimlar kuɗi. Na tura sabon rasit ɗin da na karɓo, aka amince. Abin da suke nema abu huɗu ne a takarda guda: sunan mai sayarwa, kwanan wata, sunan kaya, da abin da aka biya, kuma hoton ya nuna takardar duka ba tare da an yanke gefe ba. Na tambaya ko kwanakin da aka ɓata wajen wannan kai-komo za su ci wa'adin garantina, aka tabbatar mini a rubuce cewa ranar da aka buɗe ƙorafi ce ake dubawa, ba ranar da kaya suka isa ba. Na ajiye wannan amsar ita ma.

Saƙon amincewa ya zo da lambar gyara, da takardar da zan buga in manna a kwali, da sharuɗɗa. An ce kada in haɗa da wayar caji, ko kwalin asali, ko rigar roba, ko hular sanda ta ƙari, domin duk abin da aka aika ban da fad ɗin ba lallai ne ya dawo ba. An ce in cire duk wata sitika ta ado. An kuma rubuta cewa suna da zaɓin su gyara nawa ko su ba ni wani wanda aka sabunta, sharaɗin da ya kamata mai fad na musamman, mai launi ko zanen da aka daina bugawa, ya tsaya ya yi tambaya a kai kafin ya aika. Kuɗin aikawa ni na biya, su kuma suka ɗauki na dawowa. Wasu kamfanonin da wasu yankunan sukan ba da takardar aikawa kyauta, don haka a karanta saƙon da kyau. Na ɗauki hoton fad ɗin ta kowace fuska, musamman bakin caji da kusurwoyi, don kada a ce ya iso da fashewa. Na naɗe shi da leda mai kumfa, na sa kwali mai kauri a saman sandunan don kada nauyi ya danne su a hanya, na cike sauran filin da takarda har sai da na girgiza kwalin ban ji motsi ba. A ciki na sa 'yar takarda mai ɗauke da lambar gyara da jimla biyu: sandar dama tana jan hagu, kuma takan fara ne bayan an ɗan jima ana wasa. A ofishin aika kaya aka tambaye ni ko akwai batir a ciki, na ce akwai na litiyam a jikin fad ɗin, aka manna alamar da ta dace. Na zaɓi aikawa mai lambar bibiya duk da ta fi tsada, na adana rasit ɗin.

Sai zaman jira. Lambar bibiya ta nuna an sauke kaya, amma shafin kamfanin ya ci gaba da cewa ana jiran isowarsu har wasu kwanaki, abin da ya tayar mini da hankali kafin in gane cewa saukewa a ma'aji daban, shigar da kaya cikin tsarinsu daban. Daga nan matsayin ya koma “an karɓa”, ya zauna a haka fiye da lokacin da suka ƙiyasta. A wannan zaman ne na karanta tarihin matsalar, na ga ba ni kaɗai ba ne. Na'urar Switch ta Nintendo ta fito a watan Maris na 2017, kuma zuwa Yulin 2019 ƙorafi kan sandar Joy-Con, wato fad ɗin na'urar, ya kai ga ƙarar haɗin gwiwa a Amurka, bayan haka kamfanin ya fara gyara kyauta a can. A Yunin 2020 shugaban Nintendo, Shuntaro Furukawa, ya ba da haƙuri a taron masu hannun jari. A Janairun 2021 ƙungiyar masu sayayya ta Turai, BEUC, ta kai ƙara gaban Hukumar Tarayyar Turai da ƙorafi kusan 25,000, kuma a Afrilun 2023 aka sanar cewa kamfanin ya amince ya riƙa gyara wannan matsala kyauta a yankin ko da garanti ya ƙare. Sony ma an shigar da ita ƙara kan DualSense a Fabrairun 2021, 'yan watanni bayan fitowar PlayStation 5, Microsoft kuma tun a 2020. Abin da na tsinta a ciki shi ne, sassaucin da aka samu bai zo ko'ina lokaci guda ba. Ya fi zuwa inda masu sayayya suka haɗa ƙorafinsu a rubuce, kuma suna da hukumar da za ta saurare su.

Saƙon da ya biyo baya shi ne mafi ɓacin rai a duk lamarin: an gwada fad ɗin ba a ga wata matsala ba, za a dawo mini da shi yadda yake. Na san dalili. Mai gwaji yakan jona fad ya juya sanduna na ɗan lokaci, idan lambobi suka koma tsakiya ya wuce na gaba, nawa kuwa sai ya ɗumama da wasa yake fara halinsa. Ban tsaya jiran imel ba, na kira su a waya, na ba da lambar gyara, na nemi a dakatar da dawo da kayan. Ma'aikacin ya duba ya ga bayanin da abokiyar aikinsa ta rubuta tun farko cewa matsalar tana zuwa tana ɗaukewa, ya ba ni hanyar da zan ɗora bidiyon, ya ce zai miƙa fayil ɗin ga na sama da shi. Ban ɗaga murya ba, domin wanda ke amsa waya ba shi ne ya yi gwajin ba, kuma shi ne kaɗai ƙofar da nake da ita. Na dai nemi ya aiko mini da abin da muka tsayar a rubuce, ya aiko. Bayan wani jiran, matsayin ya sauya zuwa “an amince da musanya”. Ba a yi mini bayanin ko sun sake gwadawa ne suka gani, ko bidiyon kaɗai ya gamsar da su ba.

Kwalin da ya dawo ba nawa fad ɗin ne a ciki ba. Launi ɗaya ne, tsaf da shi, amma lambar siriyal daban, ga takarda da ke cewa an sabunta shi kuma an gwada. Tun kafin in kunna wasa na jona shi da kwamfuta na buɗe shafin gwajin nan, na saki sandunan na ga sun tsaya dab da sifili, na zagaya da kowacce har ƙarshen da'irarta, na danna kowane maɓalli, na gwada caji da girgiza da ramin abin sauraro. Na koma asusuna na tarar har yanzu tsohuwar lambar ce a rajista, sai da na sake tuntuɓarsu aka sauya ta, abin da da na bari zai zama rigima ranar da na sake bukatarsu. Takardar ta kuma bayyana cewa garanti bai sabunta daga farko ba: wanda aka ba ni yana ƙarƙashin ragowar wa'adin na asali ne, ko kuma gajeren wa'adin gyara, duk wanda ya fi tsawo. Daga aikawa zuwa dawowa makonni ne aka ɗauka, kuma wanda ba shi da fad na biyu zai zauna ne babu wasa duk tsawon lokacin.

Bayan watanni masu yawa, garanti ya riga ya ƙare, sai sandar hagu ta sabon ta fara nuna alama. Ban yi mamaki ba, domin irin ɓangaren da ya cinye a na farko shi ne a cikin na biyu. Na tambayi kamfanin kuɗin gyara, da na haɗa shi da kuɗin aikawa sai na ga ya kusa kamo farashin sabo, ga kuma jira. Na ɗan lallaɓa da faɗaɗa filin tsakiya da ba ya amsa motsi a saitin wasanni, wanda yake ɓoye ƙaramin ja amma yana rage kaifin saiti, kuma ba kowane wasa ne yake ba da wannan zaɓin ba. A ƙarshe na koma wajen abokina ya narkar da dalmar tsofaffin sandunan ya sa masu aiki da maganaɗisu. Waɗannan suna aiki ne da abin da Edwin Hall ya gano a shekarar 1879: ƙaramin maganaɗisu yana motsi kusa da na'urar da ke auna ƙarfinsa, babu harshe, babu layin kabon da za a goge. Fasahar ba sabuwa ba ce a wasanni, fad ɗin Dreamcast na Sega da ya fito a 1998 da ita yake aiki. Ba ta kawar da kowace matsala ba, domin sifirin da robobin da ke riƙe sanda suna nan suna tsufa, kuma bayan sawa sai da muka zauna muka daidaita tsakiya da iyakar da'irar kowace sanda a kwamfuta kafin ta zauna daidai. Aiki ne da ke bukatar hannun da ya saba, saboda ƙafafun suna da yawa kuma zafi kaɗan ya wuce kima sai ya ɗaga layin tagulla a allon.

A ganina gyaran kamfani ya cancanci a bi shi matuƙar fad yana cikin garanti, domin haƙƙin mai saye ne, kuma kowane ƙorafi da aka rubuta yana shiga lissafin da kamfani da hukumomi suke dubawa. Amma a shiga da sanin cewa sabon ɓangare za a samu, ba sabuwar ƙira ba. Jerin da ya fi sauƙi shi ne a fara da gwaji da bidiyo, a nemi cikakken rasit, a buɗe ƙorafi, sannan a yi tunanin sukuddireba ko feshi, ba a fara da su ba. Ruwan gogewa da ya shiga ciki zai iya barin tabon da mai gwaji zai rubuta a matsayin shigar ruwa, kuma garanti ba ya ɗaukar wannan. Duk alkawarin da aka yi a waya a nemi a aiko shi a rubuce, a kuma haɗa lambar ƙorafi da lambar gyara da lambar bibiya a wuri guda, domin kowane ma'aikaci da aka samu daga ɗayansu zai fara tambaya. Wanda garantinsa ya ƙare kada ya yanke hukunci kafin ya duba shafin kamfanin na yankinsa, tunda akwai inda ake gyara wannan matsala kyauta bayan wa'adi. Wanda kuma zai sayi sabo, yana da kyau ya duba ko sandar tana ciruwa ba tare da dalma ba, kamar ta fad ɗin DualSense Edge na Sony da ya fito a 2023, ko kuma tana aiki da maganaɗisu tun daga masana'anta. Tun da jan yakan fara bayyana a lambobi kafin ido ya gan shi a wasa, ya kamata a rubuta ranar ƙarewar garanti, a jona fad da shafin gwaji wata guda kafin ranar, bayan an ɗan jima ana wasa da shi, idan lambar tana rawa a buɗe ƙorafi a ranar.